Ɗana ya ƙuje a gwiwa, surukata ta zuba masa garin bagaruwa, yau kwana huɗu ciwon yana kumbura

Assalamu alaikum Malama. Ni uwar yara uku ce, muna zaune a Gadarif a gidan mahaifiyar maigidana tun da yaƙi ya taso mu daga Wad Madani a ƙarshen shekarar 2023. Kwana huɗu da suka wuce ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga karon jaki a hanyar gonar riɗi, gwiwarsa da ƙwaurinsa suka ƙuje, ƙasa ta shiga ciki. Kafin in dawo daga ɗibar ruwa Hajiya ta barbaɗa masa garin bagaruwa da garin bun, wato kofi, ta ce kada ruwa ya taɓa wurin, domin haka ta yi wa 'ya'yanta duka kuma babu wanda ƙafarsa ta lalace. Jinin ya tsaya, wurin ya yi baƙin ɓawo, amma tun jiya gefen ya kumbura ya yi zafi, mugunya tana tsattsafowa ta ƙarƙashin ɓawon, yana ɗingishi, daren jiya kuma jikinsa ya yi ɗumi. Na ce a kai shi asibiti, maigida ya ce ƙujewa ce kawai, babu kuɗi sai an sayar da riɗi, kuma Hajiya za ta ga kamar na raina ta. Katin rigakafinsa ya ɓata a hanyar gudu. Na tuna an yi masa allurai sau uku a cinya yana jariri, bayan su ban tuna wata ba. Ina tsoron in yi shiru in cuci ɗana, ina kuma tsoron in yi magana in ɓata zaman gidan da aka rufa mana asiri a cikinsa. Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Gadarif

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Na ajiye sauran wasiƙu na fara amsa taki, saboda abin da kika kwatanta ba ya jiran a sayar da riɗi. Ki kai yaron nan wurin ma'aikacin lafiya yau, ko a markaz, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwarku, ko a asibiti, wanda ya fi kusa kuma yake a buɗe. Tsoron da kike ji yana da dalili, kuma idonki na uwa ya ga abin da ya kamata ya gani.

Maigidanki bai yi ƙarya ba da ya ce ƙujewa ce kawai, sai dai maganarsa ta dace da ranar farko ne. Ƙujewa takan kankare saman fata ba tare da ta yi zurfi ba, kuma idan aka wanke ta da kyau aka rufe, mafi yawanci takan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu ba tare da an ga likita ba. A kwana ɗaya ko biyu na farko wurin yakan yi zogi, gefensa ya ɗan tasa, wani ruwa garai-garai mai ɗan rawaya ya riƙa fitowa, duk wannan aikin jiki ne na gyaran kansa. Abin lura shi ne inda ciwon ya dosa, domin ciwon da yake warkewa kullum sauƙi yake ƙarawa. Wanda aka wayi gari a kwana na uku ko na huɗu ya fi jiya zafi, ya fi jiya kumburi, yana fitar da mugunya mai kauri, har jikin yaro ya ɗauki ɗumi, ƙwayoyin cuta sun riga sun zauna a cikinsa, kuma sun fara ƙetare bakin ciwon zuwa naman da ke kewaye. A irin fatarmu ja ba ya fitowa sosai kamar yadda ake kwatantawa, sau da yawa wurin duhu yake ƙarawa ya riƙa sheƙi, shi ya sa nake cewa iyaye mata su ɗora bayan hannu a gefen ciwon sannan su ɗora a daidai wurin a ɗaya ƙafar. Bambancin zafin da za ki ji ya fi abin da ido zai gaya miki. Ɗingishin nan ma ina so a duba shi da kyau, domin ciwon yana kan gaɓa, kuma yaron faɗowa ya yi daga sama.

Game da Hajiya, ba na so ki riƙe ta a zuciya. Ta ga jikanta yana zubar da jini uwarsa ba ta nan, ta miƙa hannu ga abin da ta gada kuma ta yarda da shi. Bagaruwa, wadda maƙwabtanku suke kira garad, tana da sinadarin da ke tsuke nama ya busar da shi, shi ne ma dalilin da ya sa majema suke jeme fata da ita, don haka da Hajiya ta ga jini ya tsaya wurin ya bushe, abin da ta gani gaskiya ne. Inda aka samu matsala shi ne an rufe ciwon kafin a fitar da abin da ya shiga cikinsa. Hanyar da jakuna da shanu suke bi kullum cike take da kashinsu da ya bushe ya gauraya da ƙasa, wannan ƙasar ce ta shige fatar yaron, sai garin bagaruwa da na bun suka haɗu da jini suka yi mata murfi. A ƙarƙashin murfin akwai ɗumi da laima, iska ba ta shiga, ruwa bai taɓa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, a nan kuwa bayan ya shiga ne aka toshe tsagar. 'Ya'yan Hajiya sun tsira a zamaninsu, mun gode wa Allah, amma jikin yaron nan yana nuna cewa nasa ciwon ya ɗauki wata hanya dabam.

Idan za ku isa markaz cikin 'yan awanni, kada ki ɓanɓare ɓawon da ƙarfi. Ki wanke hannunki da sabulu, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, ki ɗora a wurin ya yi laushi, ki goge mugunyar da ta fito, ki rufe da wani tsumman busasshe saboda ƙuda da ƙura, sauran aikin ki bar wa ma'aikacin. Ki ɗauki biro ki zagaye iyakar kumburin a kan fatar, domin da wannan zanen ne ke da mai duba shi za ku gane gobe ko abin yana ja da baya ko yana faɗaɗa. Idan kuwa wani dalili ya tilasta kuka kwana ba ku je ba, to wankin ya zama naki. Ki tafasa ruwa lita ɗaya, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, ki bar shi ya huce, ki yi ta jiƙa ɓawon har ya saki da kansa, sannan ki riƙa kwarara ruwan a kan ciwon daga buta mai tsabta na tsawon minti biyar zuwa goma, kina wanke fatar gefe da sabulu. Tsakuwar da ta fito fili ki cire ta da matsefata da aka tafasa, wadda ta nutse cikin nama ki ƙyale ta. Na nace a kan tafasa ruwa ne saboda kin san halin ruwan jarka da na tanka a Gadarif, garin da ya sha fama da kwalara a 2023 da 2024. Zai yi kuka, don haka ki ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa kamar rabin awa kafin ki fara, ki sa wani ya rungume shi. Asfirin ba na yara ba ne, kada a ba shi.

Akwai abubuwan da maƙwabta za su kawo miki da kyakkyawar niyya waɗanda nake roƙonki ki ƙi karɓa cikin ladabi. Na farko shi ne a fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan ciwo, al'adar da ta yaɗu a gidajenmu, alhali maganin an yi shi ne don a haɗiya, barbaɗa shi ba ya kaiwa ga ƙwayoyin da suka shige nama. Haka man goge baki, da toka, da man mota. Sifirit da ruwan nan mai kumfa da ake saye a saidaliyya, wato kantin magani, suna ƙona sabon naman da ke tsirowa idan aka riƙa zuba su cikin ciwo kullum. Auduga kuma zarenta yana manne wa ciwo, shash, wato ƙyallen bandeji mai raga-raga, ya fi ta. Kada kuma maigida ya tsaya a kanti ya sayo ƙwayoyin kashe cuta na kwana biyu don a ga ko za a dace. Ciwon da ya kai wannan matsayi yana iya buƙatar irin wannan magani, amma wanda ya duba yaron ya auna nauyinsa shi ne zai faɗi wane iri, nawa, kuma kwana nawa, sannan a shanye shi duka ko da an ga sauƙi tun kafin ya ƙare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne katin da ya ɓata, kuma ko da ciwon bai kumbura ba, wannan kaɗai ya isa in ce ki kai shi. Cutar sarƙewar haƙora, wadda ma'aikatan lafiya a nan suke kira titanos, mutane da yawa sun ɗauka tsatsar ƙusa ce take kawo ta. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana iya daɗewa a can shekara da shekaru, kuma ta fi jin daɗin ciwon da ya ƙunshi datti aka rufe shi iska ba ta shiga, wato irin wanda kika kwatanta. Ba ta buƙatar babban rauni, ƙaya ma tana isar ta. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, sau da yawa wajen kwana goma, har ma ciwon yana iya warkewa a ido sannan ta taso. Dafinta jijiyoyi yake kamawa, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara, jiki ya riƙa ƙagewa, kuma jinyarta tana buƙatar kwanciya a asibiti mai kayan aiki, abin da ya yi wuya a ƙasar nan tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023.

Allurai ukun da kika tuna a cinya labari ne mai daɗi, domin da alama su ne na mako 6 da 10 da 14 da ake yi wa jarirai a Sudan, kuma rigakafin titanos yana cikinsu. Amma ƙarfinsu yana raguwa da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara wasu uku daga baya, ɗaya a shekara ta biyu ta rayuwa, ɗaya tsakanin shekara 4 zuwa 7, ɗaya tsakanin 9 zuwa 15. Ƙa'idar da ma'aikata suke bi ita ce, idan ciwo mai datti ne kuma an wuce shekara biyar da allurar ƙarshe, a sake yi. Ki lissafa da kanki: idan ta ƙarshe ita ce ta mako 14, ɗanki ya wuce shekara shida da ita. Ashe ko da katin yana hannunki yau, allurar tana kansa. Ki faɗa wa ma'aikacin abin da kika tuna daidai yadda kika tuna shi, kada kunya ta sa ki ce an yi masa duka, domin wanda ba a tabbatar ya samu ukun farko ba akan haɗa masa da wata allurar ta biyu mai ba da kariya nan take, kuma amsarki ce za ta sa ya yanke hukunci. Kada ki ce an makara don kwana huɗu sun wuce, har yanzu ana yi. Ki nemi a rubuta masa sabon kati, ki tafi da sauran yaran biyu a duba nasu, ki kuma ɗauki hoton katunan a waya ki tura wa wata 'yar'uwa ta ajiye miki. Wanda ya taɓa barin gida da kayan jikinsa kawai ya san amfanin wannan.

Akwai alamomin da idan kika ga ɗaya daga cikinsu ba a jiran gari ya waye, ko da tsakar dare ne a nemi raksha, wato babur mai ƙafa uku, a tafi babban asibiti. Idan ya kasa buɗe baki ko wuyansa ya ƙage, idan wani layi mai ja ko mai duhu ya miƙe daga ciwon ya nufi cinya, idan kumburin ya tsallake zanen biron cikin 'yan awanni, idan gwiwar kanta ta cika ta ƙi lanƙwasuwa ko ya kasa taka ƙafar sam, idan zazzaɓi ya yi tsanani yana rawar ɗari, ko ya yi laushi yana yawan barci ya ƙi shan ruwa, to lokacin shawara ya wuce. Kaluluwa a matsematsinsa ma shaida ce cewa cutar ta fara tafiya, ki ambata ta idan kin ji ta. Ɗumin jikin nan kuma kada a ɗora shi duka a kan ƙafa, domin a Gadarif bayan damina zazzaɓin cizon sauro da zazzaɓin dengue suna yawo, yana da kyau a yi masa gwajin jini tunda kun riga kun je.

Maigidanki, a ganina, abu biyu ne suka haɗu suka danne shi. Mutum ne da ya bar gidansa da sana'arsa a Madani ya dawo ƙarƙashin rufin mahaifiyarsa da mata da yara uku, aljihunsa babu nauyi, kuma ba ya so ya tsaya tsakanin uwarsa da matarsa. Idan kika tunkare shi a tsakar gida da maganar cewa Hajiya ta yi kuskure, dole ya kare ta. Ki same shi ku kaɗai, ki kira yaron, ki kama hannunsa ki ɗora a kan ƙafar mai ciwo sannan a kan mai lafiya, ki bar shi ya ji da kansa. Sannan ki yi masa lissafin da ya fi fahimta a wannan hali: yau kuɗin raksha ne da wanki da allura da maganin 'yan kwanaki, idan aka bari ya zama gyambo ko ya shiga gaɓa, kwanciya ce a asibiti a tsakiyar yankan riɗi, shi kansa ba zai samu zuwa gona ba. Ba lallai sai asibitin kuɗi ba. Mataimakin likita a ƙaramin markaz yana iya wanke ciwon nan ya rubuta magani, ya tura ku gaba idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, kuma ki tambayi matan unguwa inda ƙungiyoyin agaji irin su Hilal Ahmar, wato Red Crescent, suke duba waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, domin kuna cikinsu. Idan rance ne ya kama, wannan yana cikin abin da ake cin bashi dominsa ba tare da jin kunya ba.

Ita kuwa Hajiya, ki je mata a matsayin mai neman taimako. Ki gaishe ta, ki gode mata da ta tsayar da jinin ranar da ba kya nan, sannan ki ce, "Hajiya, jikin jikanki ya yi zafi da dare, kuma allurarsa ta titanos ta wuce lokaci, ina so ki raka mu a duba shi." Kin ga ba ki ambaci bagaruwa ba, kuma ba ki faɗi abin da ba gaskiya ba. Tsohuwar da aka ce ta jagoranci tafiya ba ta jin an raina ta, kuma idan ma'aikacin ya ce a daina barbaɗa gari, daga bakinsa za ta ji, ba daga bakin surukarta ba. Idan hira ta kawo, ki tuna mata cewa ranar Uhudu da aka ji wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rauni a fuska, abin da aka fara yi shi ne wanki, Nana Faɗima tana wankewa Sayyidina Ali yana zuba ruwa, sai da jinin ya ƙi tsayawa ne ta ƙona guntun tabarma ta sa tokarsa. Ruwa ne ya riga komai, aikin tsayar da jini kuwa yau tsumma mai tsabta da dannawa da hannu suna yin sa. Mai yiwuwa wannan ya fi shiga zuciyarta fiye da duk bayanin ƙwayoyin cuta.

Idan duk kika bi waɗannan hanyoyi aka ce a'a, ki nemi wanda maganarsa take da nauyi a gidan, ko wan maigida, ko ƙanwar Hajiya, ko limamin unguwa, ki yi hakan a yau ɗin nan. Idan kuwa ɗaya daga cikin alamomin gaggawar nan ta bayyana, ki sanar da maigida cewa kin tafi, ki saɓi ɗanki ki fita. Ɓacin ran da zai biyo baya ana gyara shi da haƙuri da ban baki, kuma na tabbata Hajiya da kanta ba za ta so a ce an zauna da jikanta a wannan hali don gudun ɓata mata rai ba.

Bayan an wanke an ba da magani, ki riƙa sauya shash ɗin sau ɗaya a rana, ko duk lokacin da ya jiƙe ko ya yi datti, idan ya manne ki jiƙa shi da ruwan gishirin kafin ki ɗaga. Ya riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan yana kwance, a yanke masa farce don kada ya sosa, a ba shi abin da ya samu na wake, ƙwai, madara ko gyaɗa, domin da abinci jiki yake gina sabuwar fata. Idan bayan kwana biyu da fara magani ba ki ga sauƙi ba, ku koma. Ki kuma sa ido har zuwa mako shida: idan fuskarsa ta kumbura da safe ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ki kai shi ki ambaci ciwon ƙafar, domin wasu ƙwayoyin cutar fata sukan taɓa ƙoda daga baya.

Da yara uku a gida wata ƙujewar tana tafe, don haka ki tanadi sabulu, da shash, da filasta, da ƙaramin kwalban Vaseline a gwangwani guda, ki nuna wa Hajiya inda yake. Ranar da wani ya faɗi, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a kwarara ruwa mai tsabta har datti ya fita, a shafa Vaseline kaɗan don kada ya bushe ya tsage, a rufe. Wanda jininsa bai tsaya ba bayan minti goma ana dannawa, ko ciwon ya buɗe baki, ko yana kusa da ido, ko dattin ya ƙi fita, asibiti ne tun ranar. Cizon kare ko yaƙushinsa kuwa a wanke da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi nan take saboda cutar haukan kare. Idan kuma Hajiya ko wani babba a gidan yana da ciwon sukari, ko a cikin yaran akwai mai sikila, ƙujewar ƙafarsu komai ƙanƙantarta a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Yanzu dai ki zagaye kumburin da biro, ki rufe wurin, ki je ki sami maigida. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya mayar da ku gidanku cikin aminci. Ki rubuto mini bayan kun dawo in ji abin da aka ce game da gwiwar da kuma allurar.